Ma'anar kalmar Sifaniyanci "improvisar"

Mai koyon Sifaniyanci ba zai jima ba zai ci karo da kalmar improvisar. Ƙamus na hukumar Real Academia Española, mai kula da harshen Sifaniyanci, ya ce ma'anarta yin abu nan take, ba tare da nazari ko shiri ba. Tushenta kalmar Latin ce, improvisus, wato abin da ba a hango zuwansa ba.

Tana cikin kalmomin aiki masu ƙarewa da -ar, kuma sarrafa ta ba wuya: yo improviso, tú improvisas, ella improvisa, nosotros improvisamos. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakanin improviso da improvisó. Ta farko, mai magana ne ke yin abin yanzu, kuma murya na tsayawa a kan "vi". Ta biyu, mai 'yar alama a kan o, wani ne ya riga ya yi, muryar kuma ta koma ƙarshen kalma.

A gida, baƙi sun faɗo da dare babu sanarwa, uwargida ta duba ta ga ƙwai da dankali da albasa, ta soya ta kawo musu. Sai a ce improvisó una cena, wato ta haɗa abincin dare nan take ba tare da shiri ba.

Ni dai inda kalmar ta fi burge ni a fagen waƙa ne. A Kuba akwai mawaƙa da ake kira repentistas, masu tsara décima a tsaye, wato baiti mai layi 10, kowane layi da gaɓa 8. Wani daga cikin masu sauraro zai jefa layi guda, dole mawaƙin ya gina baitinsa ya rufe da wannan layin, amsa-amo bai karye ba. A 2017 UNESCO ta sanya punto cubano, wato salon waƙa da kiɗan da suke rera waɗannan baitoci da shi, cikin al'adun gado na duniya. A Ajantina da Urugwai kuma irin waɗannan mawaƙa, da ake kira payadores, su biyu kan yi gaba da gaba da jita, wannan ya jefa, wancan ya mayar. Wanda ya taɓa ganin makaɗin baka ya saka sunan baƙon da ya shigo yanzu cikin waƙa ya san cewa shekaru aka yi ana horo kafin a iya wannan.

Amma a kula, a ƙasashen Latin Amurka idan aka kira mutum un improvisado, ba yabo ba ne. Ana nufin ya faɗa sana'a ko ya hau muƙami alhali bai san kan aikin ba.