Waƙoƙin Mother India: waye ya yi kiɗan, waye ya rera?

Wai Nargis ce da kanta take waƙa a fim ɗin?

A'a wallahi, baki kawai take motsawa. Haka tsarin finafinan Indiya yake, mawaƙi ya rera a sitidiyo, jaruma ta hau kan waƙar a gaban kamara. Muryar da kake ji a bakin Nargis lokacin da wahala ta yi mata yawa ta Lata Mangeshkar ce. Waƙar kai amarya ta farkon fim da ta bikin Holi, wato bikin watsa kala, Shamshad Begum ce ta yi su, muryarta ta fi kauri, da ka ji za ka gane. Ɓangaren maza kuma akwai Mohammed Rafi da Manna Dey.

To kiɗan fa, aikin waye?

Naushad ne, haifaffen Lucknow, ya rasu a 2006. Baitocin kuma Shakeel Badayuni ya rubuta, sun daɗe suna aiki tare. Fim ɗin na Mehboob Khan ne, ya fito a 1957, har ya shiga takarar Oscar ta finafinan ƙasashen waje amma wani fim ɗin Italiya ya kada shi. Abin da nake so da Naushad shi ne bai raina kiɗan ƙauye ba, ya ɗauko salon manoman arewacin Indiya da gangar dholak da amshin jama'a ya haɗa da tsohon ilimin kiɗansu da suke kira raga.

Wacce waƙa ce ta fi taɓa zuciya?

Ni dai a wajena Duniya Mein Hum Aaye Hain ce, kuma sai ka san inda labarin ya kai sannan za ta shige ka. Surukar Radha, matar da Nargis ta fito a matsayinta, ta ci bashin rupee 500, kuɗin Indiya, a hannun Sukhilala mai ba da bashi da ruwa saboda hidimar biki, bashin ya ƙi ƙarewa, dutse ya danne hannuwan mijin Radha a gona ya rasa su duka biyu, kunya ta sa ya gudu ya bar ta da yara, shanun noma ma babu. Sai ga ta ta ɗora garma a kafaɗa tana ja da kanta, zufa na zuba, yaran ƙanana suna taya ta. Ma'anar waƙar a taƙaice, tunda an zo duniya dole a rayu, ko da rayuwar guba ce sai an sha. Lata ta rera ta tare da ƙannenta biyu, Meena da Usha. Kai, duk wanda ya taɓa huɗa da hannu ba sai an fassara masa ba.

Duk na kuka ne kenan?

Ina! Akwai Dukh Bhare Din, ta murnar kwanakin baƙin ciki sun wuce, amfanin gona ya yi kyau, maza da mata suna ta amshi.

Me ya sa mutanenmu suka riƙe su bayan ba sa jin yaren?

Fim ɗin ya yi shekaru ana maimaita shi a silimomin Kano da sauran garuruwan arewa, kuma abin da ke ciki ba baƙo ba ne: kukan amarya ranar kai ta ɗaki, ambaliya, bashi, haƙurin uwa. Karin waƙar ma na jagora da 'yan amshi ne, shi ya sa za ka ji dattijo yana bin ta daidai da ƙafa, kalmomin kuwa ya murɗe su yadda bakinsa ya ga dama.