Baba, fito da na'urar jin nan daga akwati

Abin nan ya fara isata. Kusan duk gidan da na shiga a Agege, Idi-Araba ko wajen Mile 12 a nan Legas don duba dattijon da aka saya wa na'urar taimaka wa ji, labarin ɗaya ne. In na ce, "Baba, ina na'urar?" sai a aiki jika ya zaro ta daga ƙasan akwati, tana cikin kwalinta, an naɗe da leda. Wai sai Juma'a ko ɗaurin aure ake sa ta. Yara sun haɗa kuɗi masu kauri sun saya, amma har gobe sai an ɗaga murya kafin Baba ya waigo. Haba jama'a!

Kunne ɗauko sauti kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke tace magana daga hayaniya. Ta yi shekaru ba ta jin ƙananan sautuka, ta manta da su. Kafin ta sake sabawa sai an yi makonni, wasu ma watanni, ana sa na'urar kullum. Wanda ke sa ta sau ɗaya a mako, duk sakawa ranar farko ce a wurinsa. Kuma abin haushin, ranar da ya zaɓa ita ce mafi hayaniya: taron biki, ga lasifika, ga maroƙa. Ya dawo da ciwon kai, ya ce na'urar banza ce, a mayar da ita akwati.

Na san uzurin, kuma ban ce ƙarya kuke yi ba. "Muryata kamar ina magana cikin tulu." "Har taunata nake ji." Ga ƙarar fanka, ga janaretan maƙwabta, ga hon ɗin danfo. Legas ba gari ne mai shiru ba, na tausaya muku wallahi. Amma duk wannan yana raguwa ne idan an ci gaba da sawa. Ajiyewa ba ta rage komai.

Ke kuma Hajiya da kike ɓoye ta don kar surukai su ce kin kurmance, ai sun riga sun gane, tunda ana tambayarki abu kina amsa wani daban, kin daina zama cikin hira, kin koma ɗaki ke kaɗai. Wannan ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 430 ne ke da raunin jin da ke buƙatar taimako. Lalura ce, kuma taki ga maganinta a hannu.

Ga yadda za a yi, a taƙaice:

- A fara a cikin gida, awa biyu ko uku a rana, ana hira da mutum ɗaya. A riƙa ƙarawa har ta kai daga safe zuwa kwanciya. Kasuwa da titi sai daga baya.
- A cire ta lokacin wanka da alwala, a bushe kunne, a mayar nan take. Nan take na ce, ba bayan La'asar ba.
- Da dare a goge ta da busasshen ƙyalle, a buɗe murfin batir, saboda gumi da damshin Legas na lalata ta.
- Ƙananan batiran nan a nisanta su da yara, haɗiye su na iya kisa.
- Ba a aron ta. An saita ta ne daidai da gwajin kunnen mai ita.

Idan tana fito, ko tana ciwo, ko ta yi shiru, sau da yawa dattin kunne ne ya toshe ta ko zamanta bai daidaita ba. Wani lokacin hijabi ko hula ne ke danne ta. A koma wurin wanda ya saita ta, ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. Kar a kai wa mai gyaran rediyo.

Ku kuma 'ya'ya, saye ba shi ne ƙarshen aikinku ba. Kowace safiya wani ya duba ko tana kunnen Baba. Ku fuskance shi in za ku yi magana, a hankali, ku daina yi masa ihu, don yanzu ihun ciwo yake masa.