Tsarin rubuta lambobi da kuɗi a laburaren ICU

ICU, wanda cikakken sunansa shi ne International Components for Unicode, laburaren manhaja ne da masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta ke amfani da shi domin rubutu, kwanan wata, lambobi da kuɗi su fito bisa al'adar harshe da ƙasar mai karatu. Asalinsa daga kamfanin Taligent ne, wanda Apple da IBM suka kafa a 1992. Wani ɓangare na aikin ya shiga harshen shirye-shiryen kwamfuta na Java a 1997, sannan IBM ya saki laburaren ga kowa a 1999, kuma tun daga 2016 ƙungiyar Unicode, mai tsara ma'aunin haruffan kwamfuta, ce ke kula da shi. Akwai reshensa na C da C++ da ake kira ICU4C, da na Java da ake kira ICU4J, sai kuma sabon reshe mai suna ICU4X da aka rubuta da harshen Rust.

Matsalar da aka yi shi domin ta

Lamba ɗaya ce a cikin kwamfuta, amma rubuta ta ga ɗan Adam ya sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da Ba'amurke zai rubuta 1,234,567.89, Bajamushe zai rubuta shi 1.234.567,89, wato aikin ɗigo da na waƙafi sun yi musaya. A Faransa tazara ake bari tsakanin dubbai, a rubuta 1 234 567,89, yayin da masu Jamusanci a Suwizalan ke sa alama a sama, 1’234’567.89. Saboda haka rubutu kamar 1.500 yana iya nufin ɗaya da rabi a Landan, ya kuma nufi dubu ɗaya da ɗari biyar a Balin, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Hatta babban taron ƙasa da ƙasa kan ma'aunai, a zamansa na 2003, bai zaɓi guda ba, sai ya amince da ɗigo da waƙafi duka a matsayin alamar da ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta.

Rarraba alkaluma uku-uku ma ba kowa ke yinsa ba. A Indiya ana ware uku na ƙarshe, daga nan sai a riƙa ware biyu-biyu, domin lissafinsu na tafiya ne da lakh, wato dubu ɗari, da crore, wato miliyan goma, don haka adadin da aka ambata a sama yake zama 12,34,567.89. A Sifaniyanci da Polanci kuwa ba a raba lamba mai alkaluma huɗu, sai ta kai biyar. Alkaluman kansu na iya sauyawa, domin Larabcin Masar na amfani da ١٢٣, yayin da a Maroko ake rubuta 123.

Inda bayanan suke fitowa

ICU bai ɗauke da waɗannan ƙa'idoji a cikin umarnin shirinsa. Yana karanto su ne daga wata taskar bayanai mai suna CLDR, wadda aka fara a 2003, ƙungiyar Unicode ta karɓe ta a 2004, ana kuma sabunta ta sau biyu a shekara da gudunmawar kamfanoni da masana harsuna. Wannan rabuwa tsakanin shiri da bayanai ita ce ginshiƙin tsarin baki ɗaya, domin idan wata ƙasa ta sauya kuɗinta, bayanai kawai za a gyara.

Ana gane kowane yanki da gajeriyar alama mai haɗa harshe da ƙasa, kamar de-CH ga Jamusancin Suwizalan ko en-IN ga Ingilishin Indiya. Hausa tana cikin taskar, da ha-NG na Najeriya, ha-NE na Nijar da ha-GH na Gana. Bayanan kuma gado suke yi: abin da ba a fayyace wa ƙasa ba sai a ɗauko daga harshen, abin da harshen bai da shi sai a ɗauko daga tushe na bai-ɗaya. Kowane yanki yana da ƙirar lamba da ake rubutawa da alamomi na musamman. Ƙirar #,##0.### ita ce ta mafi yawan harsuna, ta Indiya kuwa #,##,##0.###. Waƙafi da ɗigon da ke cikin ƙirar wakilai ne kurum, kuma a lokacin fitar da lambar ne ake maye gurbinsu da ainihin alamomin yankin.

Kuɗi

A nan ne aikin ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan masu rubuta manhaja suka fi yin tuntuɓe. ICU ya raba abubuwa uku: adadin, nau'in kuɗin, da yankin mai karatu. Yankin shi ke faɗin yadda za a rubuta, amma bai kamata ya yanke ko wane kuɗi ne ba. Idan mai shiri ya bar yankin ya zaɓi kuɗin da kansa, farashin da aka sa a dala 100 zai bayyana wa Bajamushe a matsayin yuro 100, alhali ba a yi canji ko na sisin kwabo ba, domin laburaren ba ya canjin kuɗi sam. Hanyar da ta dace ita ce a ambaci kuɗin da alamarsa mai haruffa uku ta ma'aunin ISO 4217, kamar USD ga dalar Amurka, NGN ga naira, XOF ga sefar Afirka ta Yamma.

Daga wannan alama laburaren ke sanin yawan alkaluman da za su biyo bayan ɗigo. Naira, dala da yuro suna da biyu. Yen ɗin Japan da sefa ba su da ko ɗaya. Dinarin Kuwait, na Bahrain, na Jodan da na Tunisiya suna da uku, domin kowannensu ana raba shi gida dubu ne. Manhajar da ta ɗauka cewa kowane kuɗi na da alkaluma biyu za ta ɓata lissafi a duk waɗannan ƙasashe.

Matsayin alamar kuɗin kuwa al'adar yanki ce. A cikin ƙira ana sa ¤ a gurbin da alamar za ta zauna. Kuɗin yuro iri ɗaya ne, amma a Ailan ana rubuta €1,234.56, a Jamus 1.234,56 €, a Holan kuma € 1.234,56. Alamar $ ma ƙasashe da dama ne ke da ita, shi ya sa taskar ke bambancewa gwargwadon mai karatu: ɗan Kanada zai ga kuɗin ƙasarsa da $ kawai, dalar Amurka kuma da US$, yayin da Ba'amurke ke ganin kuɗin Kanada da CA$. Akwai kuma salon akantoci, inda a Amurka da wasu ƙasashe ake sa adadin asara ko bashi cikin baka biyu maimakon a sa masa alamar debewa. Taskar tana riƙe da tarihin kuɗaɗe, ta san cewa Gana ta sauya daga GHC zuwa GHS a 2007, lokacin da tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, kuma Kuroshiya ta koma yuro ranar 1 ga Janairu, 2023.

Duk da wannan faɗi, rubutacciyar al'ada kawai taskar ke kamawa. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram da dala yake ƙirga sefa, ba dalar Amurka ba, dalar da kowace ɗaya take daidai da sefa 5, ta yadda dala ashirin ke nufin abin da aka rubuta 100 a jikin kuɗin, kuma babu wata ƙira a laburaren da ke yin wannan lissafi.

Gutsure da ya wuce kima

Idan adadi na da alkaluma fiye da waɗanda za a nuna, dole a matsar da shi zuwa mafi kusa, kuma ana samun saɓani idan ya faɗo daidai tsakiya. ICU, in ba a umarce shi da wani abu ba, yana karkata ne zuwa lambar da ke rabuwa biyu daidai, don haka 2.5 ya koma 2, 3.5 kuma ya koma 4, saboda kada jimillar adadi masu yawa ta riƙa rinjaya sama. Intl.NumberFormat, mai tsara lambobi a JavaScript, harshen shirye-shiryen shafukan intanet, wanda ma'aunin ECMA-402 ya shigo da shi a 2012, yana mayar da 2.5 zuwa 3, duk da cewa a manyan burauza ICU ne ke aiki a ƙarƙashinsa. Ga tsabar kuɗi akwai ƙa'ida ta daban, misali a Suwizalan ana daidaita biyan hannu zuwa 0.05, domin ƙaramin kwabon da ke yawo can na biyar ne.

Sauyin bayanai da illarsa

Tun da ana sabunta CLDR a kai a kai, rubutun da laburaren ke fitarwa ba abu ne tabbatacce ba daga fitowa zuwa fitowa. A 2018 an sauya tazarar da ke raba dubbai a Faransanci daga tazarar da Unicode ke wa lamba U+00A0 zuwa siririyar tazara mai lamba U+202F. Ido bai cika ganin bambancin ba, amma manhajojin da ke kwatanta rubutun harafi da harafi sun daina aiki daidai. Irin haka ya faru a Java 9 a 2017, lokacin da harshen ya mai da CLDR babban tushen bayanansa. Saboda haka masu kula da laburaren suke jan kunne cewa rubutun da aka tsara na idon mutum ne kawai. Abin da za a adana a rumbun bayanai ko a aika wa wata manhaja shi ne ainihin adadin tare da alamar kuɗin ta ISO 4217, a bar tsarawa sai lokacin da za a nuna wa mai karatu.