Ku Daina Cewa "A Gida Na Faɗi": Kira kan Inshorar Diyyar Ma'aikata

A ɗakin da muke wanke rauni da ɗinki, tambayar da ke biyo bayan sunan majinyaci ita ce, a ina abin ya faru, kuma me kake yi a lokacin? Na daɗe ina yin wannan tambaya, har na kai ga gane amsar da aka shirya tun a hanya kafin a gama faɗinta. Wata rana an shigo da wani saurayi hannunsa naɗe da tsumma, ƙurar siminti ta yi fari fat a gashin kansa da girarsa, takalmin aiki na ƙafarsa, wanda ya rako shi kuma yana tsaye a kansa da makullin mota a hannu. Kafin yaron ya buɗe baki, mutumin ya amsa masa da cewa a gida ya faɗi. Da na kwance tsumman sai na tarar yatsu uku sun murƙushe, baƙin man inji ya shige cikin naman. Na dubi yaron na ce, "Ƙanena, kai nake tambaya, a ina wannan ya same ka?" Ya saci kallon ubangidansa, ya sunkuyar da kai, ya ce a gida ne. Abin da ya faɗa da bakinsa shi aka rubuta a katinsa.

Bayan wata biyu ya dawo shi kaɗai. Raunin ya warke, amma yatsu biyu sun sandare ba sa lanƙwasuwa, ba zai iya riƙe shebur ba balle guduma. Ubangidan nasa ya biya kuɗin magani na makonnin farko, ya ba shi ɗan abin kashewa sau biyu, daga nan ya daina ɗaukar wayarsa, kuma an riga an sa wani a gurbinsa. Ya zo yana roƙon a rubuta masa takardar shaida cewa a bakin aiki inji ya kama shi, domin wani ya gaya masa akwai diyya. Na ɗauko katinsa na nuna masa abin da ke rubuce a ranar farko. Ya yi shiru, idanunsa suka ciko da ƙwalla, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, domin hujjar da ta fi kowace ƙarfi a hannunsa shi da kansa ya raunana ta, cikin minti guda, don ya rufa wa wanda ya yar da shi asiri.

Irin wannan ya maimaitu a gabana har ban san adadi ba, da birkiloli da kafintoci da masu walda da leburorin dako da ma'aikatan masana'anta. Saboda haka na ga ya zama dole in yi magana a fili: ku daina ɓoye hatsarin wurin aiki. Ku daina cewa a gida kuka faɗi alhali daga kan tsanin gini kuka faɗo.

Dalilin ɓoyewar kusan kullum ɗaya ne, wato mai wurin bai yi wa ma'aikatansa rajistar inshorar diyya ba, ko ya yi wa kaɗan ya bar sauran, yana kuma tsoron kada rahoton hatsari ya jawo masa bincike. Inshorar diyyar ma'aikata tsari ne da doka ke ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata, ya riƙa biyan wani kaso gwargwadon albashin da yake biya, ko dai ga asusun hukuma ko ga kamfanin inshora, ta yadda duk ranar da ma'aikaci ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa, daga can za a biya kuɗin jinya, a biya shi wani ɓangare na albashinsa muddin ba ya iya aiki, a ba shi diyyar nakasa idan ya nakasa, a kuma kula da iyalinsa idan ya rasu. A yawancin irin waɗannan tsare-tsare ba a neman ma'aikaci ya tabbatar da cewa laifin ubangidansa ne, abin da ake nema kawai shi ne a tabbatar raunin ya faru ne a cikin aiki ko ta dalilinsa. Wannan tabbaci kuwa daga bakin majinyaci yake farawa, a ranar farko, a gaban ma'aikacin lafiya.

Tsarin ya daɗe a duniya. Jamus ta kafa dokar inshorar hatsarin ma'aikata a 1884 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, Ingila ta yi dokar diyyar ma'aikata a 1897, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta amince da yarjejeniya mai lamba 121 kan haƙƙoƙin wanda ya ji rauni a wurin aiki a 1964. Ƙiyasin da ƙungiyar ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara sakamakon hatsari da cututtukan wurin aiki, wasu kimanin miliyan 395 kuma suna jin raunin da bai kai ga kisa ba. A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ke aiki, hukumar NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, ke gudanar da asusun diyyar, kuma abin da aka ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata shi ne kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata. Dokar ta haramta masa ya cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci, ta kuma haramta a yi yarjejeniyar da ma'aikaci zai yafe haƙƙinsa na diyya. Saboda haka takardar da wasu ke sa majinyaci ya dangwala hannu a kanta a gadon asibiti, wai an sasanta ba zai ƙara neman komai ba, ba ta da ƙarfin da suke zato.

Hukumomi suna da hanyoyin tilasta bin irin wannan doka. Sufetoci na da ikon shiga wurin aiki su duba littafin albashi, su ƙirga mutanen da ke aiki, su gwada da adadin da aka yi wa rajista. A Birtaniya, ƙarƙashin dokar 1969, ana iya cin mai kamfani tarar fam 2,500 a kan kowace ranar da ya yi ba tare da inshorar ma'aikata ba, da fam 1,000 idan bai nuna takardar shaidar inshorar ba. A wasu jihohin Amurka, irin su Fulorida da Kalifoniya, ana ba da umarnin dakatar da aiki nan take har sai an kawo shaidar inshora. A Najeriya ana neman takardar shaidar biyan kuɗin asusun daga kamfanin da ke neman kwangilar gwamnatin tarayya. Amma duk wannan iko ba ya kai wa ga wurin da ba a san an yi hatsari ba. Sufeto ɗaya yana da ɗaruruwan wuraren aiki a ƙarƙashinsa, ba zai iya zagaya su duka ba, rahoton rauni shi ke nuna masa ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa. Duk lokacin da aka rubuta "a gida ya faɗi", an share sawun da zai bi, injin da ya cinye yatsun wannan yaro yana nan ba murfi ba kariya, gobe wani zai tsaya a gabansa.

Ɓoyewar tana cutar da jinyar ma kanta. Wanda ya faɗo daga bene hawa biyu dabam ake duba shi da wanda santsi ya kwashe a tsakar gida, domin jini na iya zuba a ciki ba a gani. Ƙunar sinadari ba a wanke ta kamar ƙunar ruwan zafi. Wanda wutar lantarki ta ja yana buƙatar a duba zuciyarsa ko da ƙunar hannunsa ƙarama ce. Idan kun ɓoye mana gaskiya, kun sa mu aiki da ido rufe a kan jikinku.

Ya ku masu ɗaukar ma'aikata, na san da yawanku ba mugaye ba ne. Na ga waɗanda suka ɗauko ma'aikaci a motarsu jini na zuba a kan kujera, suka kwana a asibiti, suka biya kuɗin tiyata daga aljihunsu, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai tausayin mako biyu ba ya ciyar da mutumin da ya rasa hannu har ƙarshen rayuwarsa, kuma ku kanku kun sani cewa idan jinya ta yi tsawo aljihu yana gajiya, zuciya ma tana gajiya. Kuɗin tiyata ɗaya na karayar ƙashin baya zai iya zarce abin da za ku biya wa duka ma'aikatanku na tsawon lokaci, kuma wanda ba shi da inshora shi kaɗai zai ɗauki wannan nauyi, ga tara, ga shari'a. Me ya sa za ku gwammace ku tsaya a kan majinyaci kuna koya masa ƙarya, a kan ku je ku yi rajistar da doka ta wajabta muku? Kada kuma ku ce ai ƙaddara ce. Mun yarda ƙaddara ce, amma yarda da ƙaddara bai taɓa sauke haƙƙin wani daga wuyan wani ba.

Akwai wata dabara da nake ji tana yawo, ita ce a ce wannan ai ɗan aikin yini ne, ko yaron koyon sana'a ne, ko ba a rubuta takardar ɗaukarsa aiki ba, don haka babu ruwan inshora da shi. Wanda ya dogara da wannan ya karanta dokar ƙasarsa da kyau. Dokar Najeriya ta 2010, alal misali, ta sa duk wanda aka ɗauka aiki da baki ko a rubuce cikin ma'anar ma'aikaci, na dindindin ne ko na wucin gadi, mai aikin rabin yini ko mai koyon sana'a, har da mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba. Ta kuma haɗa da hatsarin da ya samu mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, da cututtukan da sana'a ke jawowa, da kurumtar da ƙarar inji ke haddasawa. Waɗannan na ƙarshe sun fi saurin ɓacewa, domin tarin da ƙurar dutse ke sa wa mai fasa dutse ba ya bayyana sai bayan shekaru, kuma idan ba a taɓa rubuta sana'arsa a katinsa ba, da wuya a danganta cutar da aikin.

Ku kuma ma'aikata, 'yan'uwana, na fahimci tsoronku. Mutum yana da iyali, aikin da kyar ya samu, ubangidansa na tsaye a kansa, ga zafin ciwo, ga kunyar ya tona asirin wanda ke ba shi abin sawa a baki. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma ina tambayarku, cikin waɗanda suka rufa asirin nan, nawa ne aka ajiye musu aikinsu bayan hannu ya shanye? Wanda kuke tsoron ya kore ku idan kun faɗi gaskiya, shi ne zai sallame ku ranar da ya ga ba ku da sauran amfani gare shi, lokacin kuma ba aiki, ba diyya, ba hujja. Idan ba za ka iya magana a gabansa ba, ka ce mana kana son ganin ma'aikacin lafiya kai kaɗai, muna da ikon fitar da kowa daga ɗakin, kuma abin da ka faɗa amana ne a wurinmu. Ku daina amsa da "a gida na faɗi". Na gaji da ganin magidanta suna kuka a kan katin da ba zan iya sauya abin da ke cikinsa ba.

Abokan aikina ma'aikatan lafiya, mu ma da namu. Sau da yawa layi ya yi tsawo, sai mu rubuta abin da ɗan rakiya ya faɗa mu wuce. Mu riƙa tambayar majinyaci shi da kansa, mu rubuta sana'arsa, mu rubuta abin da idonmu ya gani, ƙurar siminti ce ko man inji ko garin katako a cikin rauni, da lokacin da ya iso, domin wannan rubutu na iya zama abin da zai tsaya masa a gaba. Hukumomin diyya kuma su sani cewa duk jinkirin biyan wanda ya cancanta yana ƙara wa mutane ƙarfin gwiwar sasantawa a ɓoye.

Ga abin da ya kamata a yi idan hatsari ya faru:

- A kai majinyaci asibiti nan take, a faɗi ainihin wurin da abin ya faru da aikin da yake yi.
- A sanar da mai wurin aiki a rubuce, a riƙe kwafi. A Najeriya ma'aikaci ko iyalinsa na da kwana 14 su sanar, mai wurin kuma na da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma, idan mutuwa ce kuwa nan take.
- A ɗauki hoton raunin da injin ko wurin, a rubuta sunayen waɗanda suka gani.
- A adana katin asibiti, takardun hoton ƙashi, rasit na magani da duk wata shaidar albashi.
- Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan takardar da ba a fahimta ba.
- Idan mai wurin ya ƙi kai rahoto, a je ofishin hukumar diyya ko na ƙwadago, ko a nemi ƙungiyar ma'aikata.

Wa'adin neman diyya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Najeriya shekara ɗaya ce daga ranar da abin ya faru, sai in akwai uzuri na musamman. Wanda ke da lafiya a yau kuma, ya tambayi ubangidansa cikin ladabi ko an yi masa rajista, ya nemi a nuna masa takardar shaida, mai wurin da ya san bai yi ba ya je ya yi tun a wannan mako.