Wasa ɗaya, idanu biyu: tambayoyi kan rigimar alƙalanci a ƙwallon jami'o'in Amurka

Wace irin ƙwallo ake magana a kanta?

Ƙwallon ƙafa ce irin ta Amurka, wadda ɗan wasa ke rungumar ƙwallo ya ruga da ita. Ana ba ƙungiya dama 4 ta matsa gaba da yadi 10, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Jami'o'i na da ƙungiyoyinsu, kuma adawar gado ce: Michigan da Ohio State tun 1897 suke karawa, filin Michigan kuwa na ɗaukar fiye da mutum 100,000.

Wane hukunci ne har yau ake ta da jijiyoyin wuya a kansa?

Na wasan Michigan da Ohio State a watan Nuwamban 2016 a birnin Columbus. An shiga ƙarin lokaci karo na biyu, Michigan na gaba da 27 da 24. Ohio State na kan damarta ta huɗu, saura yadi ɗaya. Ɗan wasanta J.T. Barrett ya kutsa da ƙwallo, aka tare shi, ya faɗi daidai bakin layin. Da alƙalai sun ce bai kai ba, wasa ya ƙare, Michigan ta ci. Sai suka ce ya kai, masu duba bidiyo suka bar hukuncin yadda yake, nan take Curtis Samuel na Ohio State ya ruga ya ci, aka tashi 30 da 27. Kocin Michigan, Jim Harbaugh, ya caccaki alƙalan a gaban 'yan jarida, har hukumar gasar Big Ten ta ci makarantar tarar dala 10,000.

To, wani ɓangaren ƙarya yake yi ke nan?

A'a, kuma nan ne abin ya fi ɗaure kai. A 1951 Princeton ta doke Dartmouth 13 da nema a wani wasa mai cike da ƙeta. An fasa wa tauraron Princeton, Dick Kazmaier, hanci, ɗan wasan Dartmouth ɗaya kuma ya karye a ƙafa. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun fim ɗin wasan, suka ce kowa ya ƙirga laifukan da ya gani. Ɗaliban Princeton sun ƙirga wa Dartmouth laifuka fiye da ninki biyu na abin da 'yan Dartmouth suka ƙirga wa ƙungiyarsu. An buga sakamakon a 1954. Fim ɗaya suka kalla, babu wanda aka ba ko sisi. A ganina wannan ya isa hujja cewa mai goyon baya da ke rantsuwa an zalunce su, har cikin ransa hakan ya gani. So hana ganin laifi.

Bidiyo bai kashe rigimar ba?

Ya rage ta kawai. Big Ten ta fara gwada shi a 2004. Ƙa'idar ita ce ba a soke hukuncin cikin fili sai hoto ya nuna kuskure ƙarara. A batun Barrett jikkunan 'yan wasa sun kare ƙwallon, kowace kyamara da abin da ta nuna. Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo ana jiran VAR ya san irin wannan musun.

Ke nan alƙalai ba sa kuskure?

Suna yi, mai muni ma, shi ya sa ba daidai ba ne a watsar da kowane ƙorafi da sunan son rai. A 1990 alƙalai suka rikice da lissafi, suka ba Colorado dama ta biyar a wasanta da Missouri. Da ita ta ci 33 da 31, aka dakatar da alƙalan, amma sakamakon ya tsaya, Colorado ta ƙare kakar tana raba kambun ƙasa da Georgia Tech. Irin haka ta taɓa faruwa a 1940, Cornell ta ci Dartmouth da dama ta biyar. Da Cornell ta duba fim ta tabbatar da kuskuren, sai ta aika saƙon tangarahu ta sallama nasarar, aka rubuta wa Dartmouth 3 da nema.