Ba Duk Masu Zuhudun Jain Ne Ke Yawo Tsirara Ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk mai zuhudu a addinin Jain na Indiya tsirara yake yawo, alhali kuwa al'adar ta maza ce kaɗai a ɗariƙar Digambara. A wurinsu, alkawarin barin mallaka, ɗaya daga cikin manyan alkawura 5, ya haɗa har da tufafi, shi ya sa abin hannunsu bai wuce butar ruwa da tsintsiyar gashin ɗawisu ta kawar da ƙwari ba, kuma a tsaye suke cin abinci cikin tafin hannu, sau ɗaya a yini. Masu zuhudun ɗaya babbar ɗariƙar, wato Shwetambara, waɗanda suka fi yawa, fararen kaya suke sawa. Mata kuwa, ko a Digambara, farin zane suke lulluɓawa.