Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa

A ƙauyukanmu na wajen Ringim, da zarar yaro ya jera layuka huɗu masu ƙarewa da "na", sai a ce ya zama mawaƙi. An daɗe ana wannan kuskure, kuma yana damuna, domin yana rage wa fasaha daraja.

Amsa-amo, wato ƙarewar layuka da sauti iri ɗaya, ado ne. Ƙashin bayan waƙa shi ne kari, wato yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi ke bin juna bisa tsari. A Hausa "da" ta cikin "ni da kai" gaɓa ce marar nauyi, "dan" kuwa mai nauyi. Khalil bin Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara ilimin aruli, wato ilimin awon waƙa, ya fitar da karuruwa 15 na waƙar Larabci, kuma malamanmu masu rubutun ajami sun ɗora waƙoƙin Hausa da yawa a kansu.

Amma kunnen Bahaushe ya san awo tun kafin allo. Ka saurari mata suna lugude: idan baiti ya yi tuntuɓe, taɓarya ce ke fara tona shi, ko da ƙarshensa ya dace.